Shekarar da Na Hana Goggonku Ciyar da Kifi

Tun da mahaifinku ya rasu, Allah ya jiƙansa, babu taron suna ko na Sallah da za a yi a gidan nan Bello bai tono zancen alif ba. Inna ta kashe kifin Baba da alif. A yi ta dariya, har jikokin da ba a haifa ba a lokacin sun haddace shi. A Morai kuwa, garin Goggonku, wani sunan gare ni, can ni ce matar da ta hana sadaka. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, ba zan tsufa ina musun abin da hannuna ya yi ba. Amma rabin labari kuke riƙe da shi, kuma rabin da ya fi daɗin dariya kuka zaɓa. To ga sauran, ku karanta, in kun ga dama ku ci gaba da dariyarku.

Kun san aikin Malam, mahaifinku. Shekaru talatin da wani abu yana bin bakin kanal tsakanin Mafara da Bakura, shi ke buɗe ƙofar ruwa ga manoman shinkafa, shi ke rufewa. Mutum ne da zai dubi ruwa ya gaya maka daga inda ya fito da abin da ya ɗauko a hanya. Ko da ya aje aiki bai daina zuwa ba, kullum da hantsi sai ya ɗauki kekensa. Sai ga ciwon nan na shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya ɗauke hannun dama da ƙafar dama, ya ɗaure harshe. Da aka sallamo mu daga asibiti na ɗauka mun ci rabin wahala, ashe ba mu fara ba. Malam ya juya fuskarsa ga bango. In na kawo kunu ya yi cokali biyu ya rufe baki. Masu dubiya su cika ɗaki, su yi gaisuwa mai tsawo, su yi addu'a, shi yana kallon farar ƙasar bango kamar an rubuta masa wani abu a jiki. Bello ya taɓa ɗaukarsa a mota ya kai shi bakin kanal ko zai ji sanyi. Suka tarar da wani yaro sabon ɗauka yana murɗa ƙarfen ƙofar da Malam ya shekara talatin yana murɗawa. Ya runtse ido, bai buɗe ba har gida. Daga ranar ko cokali biyun sai da roƙo.

Ana haka Nana ta zo hutu daga Gusau, inda take koyarwa, rungume da akwatin gilashi a kan cinya tun daga tasha. Tsawonsa ya kai kamu biyu. Ta ce a gidan wata abokiyar aikinta ta gani, ana shuka ciyawa a cikin ruwa, a sa ƙananan kifaye, ya zama kamar an yanko gefen gulbi an aje a ɗaki. Ta ce tunda ba a iya kai Baba wurin ruwa, a kawo masa ruwan. Na dube ta, na dubi akwatin. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne ga wani abin wanki an ƙaro mini. Ina juya babban mutum a gado, ina dafa abin da ba za a ci ba, ina tarbar baƙi daga safe har la'asar, yanzu kuma an kawo mini gulbi in yi jinya. Amma na ga idonta, ita ma ba ta san abin da za ta yi wa ubanta ba sai wannan, sai na ce Allah ya sa albarka.

Kwana uku muka yi muna haɗa shi, kuma har yau in na tuna sai bayana ya amsa. Aka ɗebo mana laka daga fadamar hanyar Garbadu, muka shanya, muka tankaɗe da rariyata ta tuwo, wadda daga ranar ban sake tankaɗe gari da ita ba. Muka shimfiɗa ta a ƙasan akwatin kaurin yatsa biyu. Sannan yashin gulbi. Nana ta ce sai an wanke shi har ruwan ya fita fes. Na wanke yashi. Ni da nake share yashi daga tsakar gida tun ina amarya, na zauna a kan kujera 'yar tsugunno ina cuɗa shi kamar shinkafar biki, bokiti bayan bokiti, maƙwabciyata tana leƙowa ta katanga tana tambaya ko lafiya. Muka rufe lakar da yashin. Ta sa farantina a tsakiya ta ce a kansa za a riƙa tsiyaya ruwa a hankali don kada ya tono ƙasa. Ruwan rijiyarmu muka sa. Ta ce in na famfo ne sai ya kwana a buɗe, maganin da ke ciki ya fita. Ciyayin kuwa, wasu ta zo da su a leda, wasu aka ciro mana a bakin kanal, masu dogon ganye kamar na albasa, da 'yar kainuwa da za ta yi yawo a sama. Ka dasa wannan, ka juya, ka ga ya taso yana lilo a kan ruwa. Sai da na ɗauko zaren ɗinkina muka ɗaure kowanne a jikin tsakuwa. Aka nisanta shi da taga saboda rana, aka sa masa fitila da ɗan injin kumfa a jikin solar gidan, aka aje shi daidai inda idon Malam zai faɗa in ya ga dama ya juyo.

Na ce to ina kifin. Ta ce sai bayan wata guda.

Wai akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, sai sun zauna a cikin yashin sun yi yawa, su ne za su riƙa cinye ƙazantar kifi. In babu su ruwan zai zama guba. Ni ma na yi sakandare, na san ƙwayoyin nan. Abin da aka koya mana shi ne a tafasa su, a kashe su da sabulu. Yau ga ɗiyata tana cewa in yi kiwonsu a ɗakin marar lafiya. Ta kafa mini doka kafin ta koma: kada in wanke, kada in juye, kada in sa hannu mai sabulu. Ni da duk Jumma'a sai na juye randunan gidan nan na cuɗa su da soso, tun ranar da aka kawo ni gidan.

Watan nan na sha magana. Duk wadda ta shigo dubiya sai ta leƙa ta ce, Kulu, ruwa kike kiwo? Ganyayen da muka sha wahalar ɗaurewa suka yi rawaya suka narke. Gansakuka ta fara bin gilashin, kore shar, irin wadda in na gani a randar wata mace sai in ƙi shan ruwan gidanta. Na kira Nana na ce abinki ya ruɓe. Ta ce haka yake yi, tsofaffin ganye za su mutu, sababbi su fito, in dai bar shi. Sau nawa na tsaya a gabansa da soso a hannu ina istigfari. A mako na uku ne, ina ninke kaya, na ji gado ya yi ƙara. Malam ya juyo da kansa. Ƙarar kumfar nan ce ta dame shi ko ta kira shi, Allah ya sani. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya nuna wani ɗan tsiro da ya huda yashi, ɗanye, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ni da nake goge gilashin da ido kullum ban gan shi ba. Ranar ya sha rabin kofin kunu.

Da wata ya cika Nana ta kawo kifi takwas a ƙullin leda, kowanne bai kai ɗan yatsana ƙarami ba, da wutsiya ja da ruwan goro. Ta bar ledar tana yawo a kan ruwan kusan rabin awa kafin ta sake su, wai su saba. Ta ba ni gwangwanin abincinsu ta ce abin da yatsa biyu suka ɗauka, sau ɗaya a yini, shi ke nan.

A nan laifina ya fara, kuma banda Nana ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Tun muna Islamiyya aka tsorata mu da labarin matar da ta tsare kyanwa ba ta ba ta abinci ba. Ni kuma ga rayuka takwas na tsare a gilashi, ba su da inda za su je su nema. Duk sanda na gifta sai su taso su taru suna buɗe baki. Yaya zan yi in wuce? Sai na fara ƙara musu a ɓoye. Ɗan ɓarɓashin biredi da safe, ɗan ƙanzon tuwo da rana. Ina sakawa ina jin na sauke nauyi.

Sannan Goggonku Tumba. Ku da kuka san ta da tsufa ba ku san ko wace ce ita a wurin Malam ba. Uwarsu ta rasu yana shekara huɗu, ita ta goya shi, ita ta yi masa komai har ya yi hankali. Tun da ya kwanta, kowace Jumma'a sai ta daka gumba da hannunta, da waɗannan shekarun nata, ta hau mota daga Morai ta kawo a raba sadaka don Allah ya tashi kafaɗunsa. Ba ta taɓa fashi ba. Jumma'ar da ta fara ganin kifin ta zauna ta zuba musu ido, ta ce waɗannan bayin Allah ba su taɓa saɓo ba, cikin tsarki suke kwana suke tashi, dubi bakinsu ma bai tsayawa, tasbihi suke. Ta ce sadakar da ta shiga cikinsu ta fi wadda ta shiga cikin mutum. Ta gutsuro gumba ta marmasa musu. Kuma ni, da Nana ta kafa wa doka, na ce amin. Har raina na ce amin, don maganarta ta yi daidai da abin da nake so in ji.

Kafin mako biyu zance ya zaga dangi. Duk mai zuwa dubiya sai ya taho da abin kifin Malam. Wannan masa, wannan ƙuli-ƙuli, wata har da dambu. Kowa ya jefa ya yi addu'a. Wa zan hana? Mutum ya baro garinsu ya zo yi wa mijinki addu'a, ki ce masa kada ya yi? Ruwan ya fara yin fari kamar ƙasari. Sai wari. Kifayen suka dawo sama suna haki. Malam ya riƙa buga gefen gado yana wani sauti, ni kuma na ɗauka jikin ne, na riƙa gyara masa matashi.

Ya kamata in kira Nana. Ban kira ba, don in na kira sai na faɗi biredi da ƙanzo. Sai na yi abin da kowace mace a Mafara take yi in ruwa ya zo da laka da damina. Na ɗauko alif na kaɗa a ciki, sau uku, kamar yadda nake yi wa randa. Kafin la'asar ruwan ya kwanta, ya yi garau, har na tsaya ina yaba kaina ina cewa ashe abin da boko ya kasa ɗan alif ya gama. Da na idar da sallar asuba na leƙa, biyar suna kwance a kan ruwa, cikinsu a sama.

Na kwashe su a ludayi, na binne su a gindin zogale. Na dawo ɗakin da bokiti da soso da sabulu. Na riga na yanke shawara: in kwashe ukun da suka rage a kwano, in juye komai, laka da yashi da ciyawa, in cuɗe akwatin ya yi ƙal, in huta. Na sa hannu ke nan zan tumɓuke ciyawar farko, sai kofin silba ya faɗi a ƙasa. Malam ne ya ture shi. Fuskarsa ta yi jawur, bakinsa yana ta kokawa.

"Kulu," ya ce. "Bar shi."

Wata biyar rabon da in ji sunana a bakinsa. Na tsaya da soso yana ɗiga a ƙafata.

"Ɗebi kaɗan. Zuba kaɗan." Ya huta. "Gobe ma."

Ya miƙa yatsa ya dafa gilashin, ya nuna mini inda zan rage ruwan ya tsaya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Na rage. Ya nuna inda zan cika ya tsaya. Na cika, a kan faranti, a hankali. Da na ɗan zarce ya buga gado. Wallahi sai na ga mutumin da na sani a bakin kanal, yana hararar manomin da ya buɗe ruwa ba da izni ba. Da hantsi na kira Nana na faɗi komai, har biredin. Ta ce abin da za a yi shi ne a riƙa canja kaɗan kullum, kada a taɓa yashin, kada a ba su komai kwana uku. Na ce ai ubanki ya riga ki.

Na samo jan farce na ɗiga a wurare biyun da ya nuna. Kullum da hantsi, lokacin da da yake ɗaukar keke, sai in tashe shi zaune ya duba aikina. Ban taɓa yi daidai ba a wurinsa. Na kuma sa aka yanko katako aka rufe saman akwatin.

Jumma'a ta zo. Goggo Tumba ta shigo da ƙwaryar gumba, da mata uku na Morai a bayanta. Muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, gida da gajiya da mai jiki da mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. Ina amsawa, na san abin da ke tafe. Tun ranar Laraba nake roƙon Allah ya sa ta manta. Ta gama shafa kan ƙanenta, ta gutsuro gumba, ta nufi akwatin. Na riga ta. Na ɗora tafin hannuna a kan katakon.

"Kulu, ɗauke hannunki."

"Yaya, ki yi haƙuri. An daina ba su."

"Wa ad daina? Sadaka ta, ba taki ba, ta ƙanena."

Na ce abincin ne ya ɓata ruwan har biyar suka mutu. Ta ce ita dai labarin da ta ji a mota, alif aka ce, ba gumba ba. Matan nan uku suka sunkuyar da kai. Na ce gaskiya ne, ni na ƙarasa su, amma ni da ita da duk mai jefawa muka fara. Na ce ta kawo in raba wa maƙwabta kamar da, ladan yana nan. Ba ta ko dube ni ba. Ta juya ga Malam.

"Kana ji? Ni da nig goye ka, yau ni aka hana ma sadaka cikin ɗakinka."

Ina fatan ya yi magana, ina kuma tsoron abin da zai faɗa. Ya dubi yayarsa, idonsa ya ciko, sannan ya mai da shi ga kifayen nan uku. Ni kuma ban ɗauke hannuna ba. Shekara talatin da shida ina auren ƙanenta ban taɓa musa mata ko a kan gishirin miya ba. Ta aje ƙwaryar a bakin ƙofa, ta gyara mayafi, ta fita. Ko ruwan da na kawo ba ta sha ba.

Ba ta dawo ba sai bayan kaka. Sau biyu ina zuwa Morai da goro da turare. Ta karɓe ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta gaishe ni gaisuwar baƙuwa, in na ɗauko zancen sai ta tambaye ni ya hanya. Duk Jumma'a gumbarta tana isowa a hannun direba, ita ba ta zuwa. Kuma duk Jumma'a in an yi sallama a zaure sai Malam ya ɗaga kai ya saurara, in ya ji ba muryarta ba ce ya mayar. Wannan ni na jawo masa, kuma na sani. Na sha zama ina tambayar kaina ko kifi uku sun kai a raba mutum da wadda ta goya shi. Amma ba kifin nake tsaro ba. Abin da ya juyo da fuskarsa daga bango nake tsaro, kuma ban ga wani a madadinsa ba.

Ruwan ya warke a hankali. Ciyawar ta kama ƙasa har sai da na riƙa rage ta da almakashi. Gwangwanin abincin ya koma hannun Malam, shi ke ba su, ni kuma na samu abin riƙe shi: ba a buɗe gwangwani sai ya gama kofinsa. Yana harara yana sha. Wata safiya ya kira ni da ƙarfi har na yar da tsintsiya, na zo na tarar da wasu ƙanana kamar ƙwayar ido biyu da wutsiya suna ɓuya a saiwar kainuwa. Ashe ɗaya daga cikin ukun ciki gare ta. Ya ƙirga su da yatsa ya kai sha ɗaya, ya sake ƙirgawa ya samu tara, ya yi fushi da ni kamar ni na ɓoye biyun.

Ranar da Goggo ta dawo ba ta aiko ba. Ta raba gumbar sabon gero a waje kafin ta shigo. Ta zauna a bakin gado. Can Malam ya tura mata gwangwanin, ya ɗaga yatsa biyu ya haɗe su. Ta ɗiba, ta dubi abin da ke tsakanin yatsunta.

"Wanga ɗan abu? Kai da matarka, rowarku har ta kai ga kihi."

Ya yi dariya da rabin bakinsa har ya ƙware. Ta jefa. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba, don ban yi ba. Ta ci gaba da zuwa har Allah ya karɓi ran Malam bayan shekara biyu, yana zaune, yana magana, yana ba ni umarni a kan ruwa har makonsa na ƙarshe. Amma daga waccan Jumma'a har ta koma ga Allah ba ta sake kirana Kulu ba. Matar Malam take cewa. Allah ya jiƙansu duka, ya haɗa su inda ba mai shiga tsakaninsu.

To kun ji. In za ku ba da labarin alif ku ba da shi, amma ku sa biredina a ciki, ku sa gumbar Goggonku, ku sa abin da mahaifinku ya faɗa da kofi ya faɗi. Kai kuma Bello, da kake kan gaba wajen dariya, ranar Sallar nan na gan ka ta labule ka ɗaga katakon kana marmasa musu cincin. Ban yi magana ba saboda matarka tana wurin. Kwana uku na yi ina gyara ɓarnarka, da wannan bayan nawa, ina ɗiba kaɗan ina zuba kaɗan. Jan farcen ya koɗe, da ƙyar nake ganinsa, amma har yanzu in na zarce shi sai in ji kamar za a buga gado.